Me Ya Hana Zane Shiga Cikin Littafi? Tarke Kan Ƙananan Maɗaba'u Da Labarin Zane

Gabatarwa

A wani zaman karatu da muka yi a garin Karaye bayan sallar la'asar, wani yaro ɗan Rogo da bai daɗe da gama sakandare ba ya miƙo mana littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai falle arba'in, ya ce shi ma ya kawo nasa a duba. Da muka buɗe sai muka tarar da abin da ba mu saba gani a irin wannan zama ba. Ya raba kowane shafi gida shida da rula, ya zana mutane da biro a cikin kowane gida, sa'an nan ya rubuta maganar kowa a cikin 'yar da'ira a saman kansa. Labarin wani masunci ne a madatsar ruwa ta Challawa, da ɗansa da ya ƙi gadon sana'ar uban. Littafin ya zaga hannu-hannu, aka yi dariya, aka yaba, daga nan sai wani dattijo daga cikinmu, wanda muke ganin girmansa ƙwarai, ya mayar masa da abinsa ya ce, "Yaro, hannunka na da kyau, amma nan zauren marubuta ne. Je ka rubuta labarin sosai ka dawo." Yaron ya ce, "To Baba, na gode," ya naɗe littafinsa ya sa a aljihu. Tun daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Wannan abu ya tsaya mana a rai, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Tambayoyi biyu muke son mu tattauna da mai karatu. Ta farko, shin abin da yaron nan ya kawo adabi ne, ko kuwa wasan yara ne? Ta biyu, me ya sa ƙananan maɗaba'un Kano, waɗanda suka cika kasuwannin ƙasar Hausa da littattafai ba tare da tallafin kowa ba, suka bar zane a bangon littafi, ba su taɓa buɗe masa ƙofa ya shiga ciki ba? Domin amsa su za mu bi tarihin wata ƙaramar maɗaba'ar labarin zane da ta tashi a Legas, mu ɗora ta a kan sikeli ɗaya da namu na gida, mu ga inda aka yi mana fintinkau da inda mu ma muke da abin faɗa.

Hoto ya riga mu zuwa kasuwa

Abin da muke kira labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa da jerin hotuna, gida bayan gida, inda hoton ke ɗauke da rabin labarin ko fiye, rubutu kuma ya cike sauran. Ya bambanta da littafi mai hotuna irin Magana Jari Ce, domin a can ko an cire hotunan labari na nan daram, alhali a nan in aka cire hoto ba abin da zai rage sai guntayen maganganu marasa kai da gindi.

Wanda duk ya yi makaranta a Arewa a ƙarshen shekarun 1960 ya san cewa irin wannan karatu ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga 1968 zuwa 1972 kamfanin Drum ya riƙa fitar da wata mujalla mai suna African Film, wadda ke ba da labarin wani ɗan leƙen asiri, Lance Spearman, mai malafa da sigari a baki, da abokin gabarsa Rabon Zollo. Hotunan kyamara ne aka jera gida-gida, ana kuma sayar da mujallar a Nijeriya da Gana da Kenya. Tana da 'yar'uwa mai suna Boom, mai tauraro Fearless Fang. Ɗalibai da yawa sun koyi Turanci a bakin Lance Spearman fiye da yadda suka koya a bakin malamin aji, kuma kwafi guda yakan zaga ɗakin kwanan ɗalibai har sai ya zama tsumma. Ke nan mai karatu na nan tun tuni, ƙishirwar ma tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haƙa rijiyar da harshenmu.

Tarihin maɗaba'ar mutum guda

Wale Adenuga, wanda aka haifa a 1950, ya karanta harkar kasuwanci a Jami'ar Legas, kuma tun yana ɗalibi yake zanen barkwanci a mujallar ɗalibai. A 1976 ya fito da mujallarsa ta kansa mai suna Ikebe Super. Ba shi da wani babban kamfani a bayansa, ba shi da gwamnati, jarinsa shi ne alƙalaminsa da sanin abin da ke ba talakan Legas dariya. Ya rubuta ta da Turancin kasuwa wanda direba da ɗan dako da akawu duk suke ji, ya buga ta a takarda mai araha, ya bi ta hannun masu tallar jarida har ta kai garuruwa masu nisa, ciki har da unguwannin Sabon Gari na biranen Arewa.

Babbar dabararsa, wadda muke roƙon marubutanmu su tsaya su dube ta da kyau, ita ce ta ƙirƙiro taurari na dindindin. Akwai Papa Ajasco, magidanci mai sanƙo, mai son mata, wanda in abu ya ba shi mamaki sai ya mari tsakiyar kansa. Akwai matarsa mai haƙuri da faɗa, akwai Boy Alinco ɗan gaye mai tafiyar ƙasaita ba ko sisi a aljihu, akwai Miss Pepeiye mai idon cin naira. Mai karatu yana sayen fitowa ta gaba ne domin ya ga yadda waɗannan mutane da ya riga ya sani za su sake faɗawa cikin wata ƙaddarar. Daga baya ya ƙara da wasu mujallun, wato Super Story mai dogayen labarai, da Binta ta yara.

Tarke na gaskiya ba ya ɓoye aibu. Ikebe Super ta gina rabin kasuwarta ne a kan batsa, sunanta ma kansa ya isa shaida ga wanda ya san Turancin kasuwa. Mace a cikinta sau da yawa ba ta wuce sura da kwaɗayi ba, kuma raha iri ɗaya ake ta juyawa har ta gundura. Babu mai hankalin da zai ce a kwaso wannan a kawo Karaye. Amma wanda ya ƙi zuma saboda harbin ƙudanta, shi ya so. Darasin yana cikin yadda aka gina gidan, kayan ɗakin kuwa kowa da irin nasa.

Ga yadda gidan ya tsaya da aka yi ambaliya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin nan na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta faɗi, takarda da tawada da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo, masana'antun takarda na cikin gida irin na Jebba da Oku-Iboku kuma suka durƙushe a shekarun da suka biyo baya. Mujallu da dama sun mutu a wannan guguwa, kuma ta taɓa na Adenuga. Sai dai shi yana da abin da ruwa ba ya ci, wato taurarinsa. Tun kafin wannan guguwa ya riga ya yi fim ɗin silima na Papa Ajasco. A 1996 ya mayar da iyalin Ajasco wasan talabijin, a 2001 kuma Super Story ta bi sahu. Takarda ta gaza, amma mutanen da aka haifa a kan takardar suka yi ƙaura zuwa akwatin talabijin da ƙafafunsu, suka ci gaba da ciyar da mai su.

Namu ƙananan maɗaba'un

Yanzu mu dawo gida. Tarihin buga littafin Hausa na boko ya fara ne a hannun hukuma: gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945, hukumar NORLA daga 1954 zuwa 1959, sai kamfanin NNPC a 1966. Duk waɗannan idonsu na kan makaranta ne da yaƙi da jahilci. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanoni suka janye hannu daga ƙagaggun labarai, sai matasan Kano suka ce in ba a buga mana ba mu buga da kanmu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991, ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka tashi, marubuci ya zama shi ne mawallafi, shi ne mai biyan maɗaba'a, shi ne mai ɗaukar kaya a ka zuwa wurin dillalai. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, aka kuma kwashe shekaru ana tafka muhawara a kansa a shafukan jaridu.

Mu da muke Karaye da Rogo mun ga wannan zamani daga ƙarshen igiyar. Littafi kan baro Kano a cikin kwali tare da sauran hajar 'yan koli, ya iso ranar kasuwa, a shimfiɗa shi a kan buhu kusa da turare da madubi. Wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya, ya karanta cikin dare guda da fitilar ƙwai, ya mayar ya karɓo kashi na biyu. To, mai karatu ya tambayi duk wadda ta yi wannan zamani: me ke sa ta ɗauki wannan littafin ta bar wancan? Za ta ce masa bango. Littattafan farko-farko da zanen hannu aka yi musu bango: budurwa ta yi tagumi, saurayi ya jingina da mota, tsoho mai rawani ya ɗaga sanda, aljani ya fito daga tulu. Waɗannan masu zane su ne 'yan tallar farko na adabinmu na zamani, amma har yau nazarin da aka yi a kansu bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ladan aikinsu bai wuce abin da aka danƙa musu a hannu ranar da suka kawo zanen ba. Da kwamfuta ta shigo, sai aka maye gurbinsu da hotunan 'yan fim, na Indiya da na gida, aka sallame su ba ko sai wata rana.

Abin lura a nan shi ne, duk kayan haɗin da Adenuga ya yi miya da su muna da su a Kano a daidai wannan lokaci. Akwai masu zane, akwai masu labari, akwai ƙananan injinan ɗab'i, akwai dillalai, akwai masu karatun da suka saba jiran kashi na biyu da na uku. Amma miyar ba ta haɗu ba.

Dalilan da muka hango

Dalili na farko lissafi ne. Marubucin da ya zauna da kyau zai iya cika shafi biyar ko goma a yini, mai zane kuwa in ya gama shafi guda mai kyau a yini ya yi ƙoƙari. Bugu da ƙari, abin da shafi ɗaya na zube zai faɗa, sai an ba zane shafi uku ko huɗu. Ke nan a takarda iri ɗaya da kuɗi iri ɗaya, mai sayen labarin zane zai karance abinsa kafin shayinsa ya huce, mai sayen zube kuwa ya samu abokin hirar dare. A kasuwar da ake auna littafi da kaurinsa, kuma dillali ba ya biya sai ya sayar, wane ne zai zuba jarinsa a nan?

Na biyu shi ne bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya, kafin shekara goma kuma harkar finafinan Hausa ta mamaye gari. Marubutan da suka so ganin labarinsu da ido sai suka tsallake zane kai tsaye suka ɗauki kyamara: an mayar da In Da So Da Ƙauna fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba. Matakalar da ta ɗauki Adenuga shekara ashirin yana hawa, mu tsalle ɗaya muka yi muka wuce ta.

Sai dai wannan tsalle ya ja mana hasarar da ba mu ankara da ita ba. Muna da taurarin raha da ba su gaza Papa Ajasco da komai ba, amma dukkansu a jikin ɗan wasa aka haife su. Rabilu Musa ya rasu a watan Disamba na 2014, Ibro kuma ya bi shi kabari. Usman Baba Pategi ya rasu a 2023, babu kuma wanda zai sake sa kakin Samanja mutane su yarda. Papa Ajasco kuwa an sauya ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa, wasan bai tsaya ba, domin sanƙon da marin kan sun riga sun zauna a idon jama'a tun a takarda. Tauraron da aka zana ba ya tsufa, ba ya ciwo, ba ya kuma rigima da furodusa a kan kuɗi.

Na uku shi ne batun addini, wanda bai kamata mu yi masa kwana ba. Malamai sun yi maganganu a kan zana abu mai rai, akwai masu tsanantawa, akwai masu bambanta mutum-mutumi da zanen da ke shimfiɗe a takarda, akwai kuma masu sassauci in don koyar da yara ne. Shi ya sa gwanintar Bahaushe a zane ta fi karkata ga zayyanar allo da adon hula da aska takwas a gaban riga da zanen bangon soro. Amma mu tuna cewa ƙasashen Musulmi da dama sun daɗe da mujallun zane na yara: Samir ta fara fita a Alƙahira a 1956, Majid kuma a Abu Dabi a 1979. Akwai kuma izina a labarin The 99, wanda Naif Al-Mutawa na Kuwaiti ya fara bugawa a 2006, ya jingina ƙarfin taurarinsa da ma'anonin sunayen Allah kyawawa, abin da ya jawo masa fatawar haramci daga Saudiyya a 2014. Mai son shiga wannan fage a ƙasarmu sai ya nemi malaminsa ya tambaya, ya kuma nisanci zana Annabawa da Sahabbai da duk abin da ya shafi alfarmar addini. Tarihin ɗab'i a Kano ya nuna cewa littafi na iya shiga uku ko da babu hoto a cikinsa, domin ba mu manta da ƙona littattafan da aka yi a 2007 ba.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne ciwo, shi ne mu kanmu. Mu da aka taɓa ce wa rubutunmu na kasuwa ne, ba adabi ba, mu ne yau muke gaya wa yaro cewa nasa ba rubutu ba ne. Kaza ta samu wuri, ta manta da ranar da aka kore ta daga kan shanya.

Amina ta tafi Amurka

Kayan da mai shi ya bari a bakin hanya, wani ne zai ɗauka. Roye Okupe, haifaffen Legas da ya yi karatun kwamfuta a Amurka, ya kafa wata 'yar ƙaramar maɗaba'a mai suna YouNeek Studios, ya ajiye aikin albashi, ya fito da littafinsa na farko a 2015, yana neman gudummawar masu karatu ta intanet domin biyan kuɗin ɗab'i. A 2017 ya fito da Malika: Warrior Queen, labarin wata sarauniya mayaƙiya a wata daula mai suna Azzaz a ƙarni na 15. Mai karatu ya juya sunan daular a bakinsa zai ji ƙamshin Zazzau, shi ma mawallafin bai ɓoye cewa Sarauniya Amina ce ta ba shi hasken tauraruwarsa ba. A 2021 kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar sake buga littattafansa, a 2025 kuma wani labarin nasa mai suna Iyanu ya zama katun a tashar Cartoon Network.

Ba mu da ta cewa a kan himmarsa sai yabo, kuma ba mu ce ya yi sata ba, domin tarihi ba gonar gado ba ce da za a kafa mata shinge. Amma a matsayinmu na masu tarke muna da abin dubawa. A cikin Malika rundunar daular Ming ta ƙasar Sin ce ke barazana ga Azzaz, ga takobi mai sihiri, ga zubi da tsari irin na jaruman littattafan zanen Amurka. An rubuta shi da Turanci, ana sayar da shi da dala. Yarinyar da ke Rogo, wadda tsakaninta da ganuwar Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce, ba da ita ake magana ba. Aminar da littafin Tarihin Kano ya ambata a zamanin Sarki Dauda, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, mai gina ganuwa a inda ta yada zango, har yanzu tana jiran mai zana ta da kirarinta da tamburanta da harshenta.

Komawa ga littafin yaron

Da a ce mun yi wa yaron nan adalci a ranar, da tarke muka yi masa kamar yadda muke yi wa kowa. Da mun gaya masa cewa fuskokin mutanensa aro ne daga katun ɗin Japan da yake kallo a waya, manyan idanu da tsinin haɓa, alhali masuntan Challawa suna nan a gabansa kullum. Da mun nuna masa cewa fuskar uban takan sauya daga shafi zuwa shafi har sai an duba hula kafin a gane shi, wanda kuwa babban aibu ne, daidai yake da marubucin da ya sauya wa tauraronsa suna a tsakiyar littafi. Da mun ce masa ya rage surutu, domin a wasu gidajen maganar ta cinye wurin har ta danne kan mai yin ta, kuma ba amfanin a zana mutum yana kuka sa'an nan a rubuta a ƙasa cewa ya yi baƙin ciki.

Da kuma mun yaba masa a kan shafi guda da har yanzu yake idonmu. Gida uku ne a jere babu kalma ko ɗaya. A na farko uban na zaune a bakin ruwa yana ɗinkin koma. A na biyu ya ɗaga kai yana kallon wata mota da ta ɗauki hanyar Kano. A na uku ya mayar da kansa ga komar, amma allurar na ƙasa. Ba a nuna mana ɗan a cikin motar ba, ba a kuma gaya mana ya tafi ba, mai karatu ne ya cike wannan da kansa a tsakanin gida da gida. Duk wanda ya san ƙa'idar ƙagaggen labari ya san wannan ita ce gwanintar da muke ta wahalar koya wa masu rubutun zube, wato a bar wa mai karatu nasa aikin. In wannan ba adabi ba ne, to sai a sake gaya mana ma'anar kalmar.

Shawara ga 'yan'uwa

Ga wanda ke da niyya, muna ganin a fara da kaɗan. Baƙi da fari ya isa, launi a bar shi a bango. Shafi 16 ko 32 ya fi dacewa, saboda haka takarda ke naɗuwa a injin ba tare da asara ba. A nemi tauraro guda ko biyu da za su iya ɗaukar labari ashirin, a zana su ta gaba da ta gefe da ta baya har hannu ya haddace su kafin a fara shafin farko. Ba sai an je nesa neman su ba: Gizo da Ƙoƙi na kowa ne, ga ɗan kamasho a tasha, ga mai unguwa, ga uwargida da amarya, ga mutanen da ruwa ya tasa daga garuruwansu lokacin da aka gina madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992. Wanda kuma ya so ɗaukar tauraron wani littafi da aka riga aka buga, irin su Malam Zurƙe ko Iliya Ɗanmaiƙarfi, to ya nemi izinin masu haƙƙi tukuna.

Marubuci da mai zane su zauna su rubuta yarjejeniya tun kafin a ga ko kwabo: wa ke da labari, wa ke da surar tauraro, yaya za a raba in abu ya yi albarka, sunan kowa kuma ya fito a bango. Nijeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, amma doka ba ta taimakon wanda bai ajiye shaida ba. Zumunci da yawa ya lalace a harkar fim saboda an ce ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba.

A kuma yi tunanin wanda ake yi dominsa. A ƙauyukanmu akwai dubban mutanen da shafi cike da baƙaƙen boko ke ba su tsoro, akwai kuma waɗanda ajami ya fi zauna musu. Labarin zane, da yake kalmominsa kaɗan ne kuma da hannu ake rubuta su, ana iya fitar da shi da boko da ajami ba tare da an sake zana ko layi ɗaya ba. Wayar hannu ma ta rage tsadar takarda, tunda a yau littattafan Hausa da yawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad ake karanta su. Sai dai a sani cewa hoto ya fi rubutu saurin yawo ba da izinin mai shi ba, don haka a riƙa sa suna a jikin kowane shafi.

Kammalawa

Muna kira ga shugabannin ƙungiya da su buɗe wa masu zane rajista kamar kowane marubuci, ga editan wannan mujalla kuma da ya ware ko da shafi biyu ne a kowace fitowa domin labarin zane. Ɗalibanmu na jami'a masu neman abin nazari, ga masu zanen bangon littattafan shekarun 1990 nan, a neme su a ji ta bakinsu tun suna raye. Dattijonmu da ya yi waccan magana mun san da kyakkyawar niyya ya yi ta, in kuma yana da raddi, shi ko wani, fili a buɗe yake, da ma da muhawara adabin nan ya girma. Shi kuwa yaron Rogo, in wannan mujalla ta kai hannunsa ko hannun wanda ya san shi, muna ba shi haƙuri, muna kuma roƙon ya dawo zama na gaba da littafin nan nasa mai falle arba'in, domin muna son mu san ko ɗan masuncin ya komo gida. Allah Ya sa mu dace, amin.